Zuwa Antaktika ba haramun ba ne: ga abin da dokar ta ce

Tun da bidiyon dogon bangon ƙanƙara ya shigo WhatsApp, babu fadar da ba a tayar da maganar ba a Damagaram, daga Birni har Zango. Wasu na cewa manyan ƙasashe sun haramta wa ɗan Adam zuwa Antaktika, nahiyar ƙanƙara da ke can ƙarshen kudancin duniya, sojoji na gadi, duk jirgin da ya matso sai a buɗe masa wuta. Wasu sun ƙara mata gishiri, wai katangar Yajuju da Majuju ake ɓoyewa. Akwai kuma masu faɗin akasin haka: can babu gwamnati, babu doka, babu biza, don haka samari su kawo kuɗi a sama musu aiki a jiragen ƴan yawon buɗe ido. Wannan ta ƙarshe ita ta fi tayar min da hankali, domin ita ce ke cin kuɗin mutane.

Batun Yajuju da Majuju na malamai ne, ba zan sa baki ba. Amma doka rubutacciya ce, kowa na iya karanta ta.

Sunanta Yarjejeniyar Antaktika. Ƙasashe 12 suka sa mata hannu a Washington ranar 1 ga Disamba 1959, ta fara aiki a 1961, kuma ta shafi duk abin da ke kudu da layin digiri 60 na kudancin taswirar duniya. Yau ƙasashen da ke cikinta sun haura 50, har da Turkiyya da Pakistan da Malesiya, Saudiyya ma ta shiga a 2024. Sashenta na farko ya hana kafa sansanin soja da atisaye da gwajin makamai. Sojojin da ake nunawa a bidiyon, irin na Ajantina da Chile, jigilar abinci da mai suke yi wa tashoshin bincike, kuma sashen ya yarda da haka a fili. Sashe na bakwai ya ba manyan ƙasashen yarjejeniyar ikon tura masu sa ido su leƙa tashar kowa a duk lokacin da suka ga dama. Mai abin ɓoyewa ba ya rubuta irin wannan sharaɗi.

Babu kuma inda aka hana yawon buɗe ido. A kakar 2023 zuwa 2024 mutum sama da 120,000 suka je. Yawancinsu daga Ushuwaya suke tashi, wani gari a ƙarshen kudancin Ajantina, tsakanin Nuwamba da Maris lokacin da ƙanƙarar teku ke ja da baya. Jirgi na yin kamar kwana biyu yana keta mashigin Drake mai yawan igiyar ruwa, sannan a riƙa sauke fasinjoji gaɓa a ƙananan kwale-kwalen roba masu inji.

Ka'idojin sauka suna da tsauri, gaskiya ne. Jirgin da ke ɗauke da fasinja sama da 500 ba ya sauke kowa, kallo kawai daga nesa. Ba a wuce mutum 100 a gaɓa lokaci guda, kowane 20 da jagora ɗaya, jirgi ɗaya a wuri ɗaya. Kafin ka taka ƙasa sai ka goge takalmin roba da burushi ka tsoma shi cikin ruwan magani, a bi aljihunan rigarka da injin tsotse ƙura kada ƙwayar ciyawa ko ɗaya ta bi ka. Ka tsaya mita 5 daga tsuntsun fengwin. Kada ka ɗauki dutse, ko gashin tsuntsu, ko ƙashi. Tun da murar tsuntsaye ta isa yankin, aka tabbatar da ita a kan nahiyar a Fabrairun 2024, har zama da durƙuso a ƙasa jagorori ke hanawa. Wani ɓangare na waɗannan ka'idoji ya fito ne daga ƙarin yarjejeniyar kare muhalli da aka sa wa hannu a Madrid a 1991, wadda ta fara aiki a 1998, wani ɓangaren kuma daga ƙungiyar kamfanonin yawon, IAATO, da aka kafa a wannan shekara ta 1991. Yarjejeniyar Madrid ce ma ta sa aka kwashe karnukan jan kaya daga nahiyar kafin Afrilun 1994, don kada su sa wa dabbobin wurin cuta.

Wuraren da aka hana shiga sam sai da takarda ta musamman suna nan, sun haura 70, amma sunayensu da taswirarsu a bayyane suke: wuraren ƙyanƙyasar tsuntsaye, wuraren bincike, tsofaffin bukkokin matafiya na farko. Mu a jihar Damagaram bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba, tun da muna da gandun Termit da Tin Tumma da aka keɓe a 2012. In ma'aikacin gandun daji ya tare ka ya ce ina takardarka, ka san saboda barewa ne da sauran namun da suka kusa ƙarewa.

Inda mutane ke rikicewa shi ne izini. Tambayar da ake yi mai ma'ana ce: in ƙasar ba ta kowa ba ce, wa ke ba da izinin, wa kuma zai hukunta wanda bai nema ba?

Ƙasashe bakwai sun taɓa cewa suna da yanki a can, wato Ajantina, Chile, Birtaniya, Faransa, Norway, Ostareliya da Niyuzilan. Sashe na huɗu na Yarjejeniyar Antaktika bai amince musu ba, bai kuma ƙaryata su ba, ya jingine maganar ne kurum. Saboda haka babu kotun Antaktika, babu jandarmanta, babu ofishin ba da biza. Abin da aka yi shi ne, kowace ƙasa ta ɗauki alkawarin ta mayar da shi dokarta ta cikin gida, ta ɗora ta a kan ƴan ƙasarta, da jiragen da ke ɗauke da tutarta, da duk tafiyar da aka shirya ko aka taso daga ƙasarta. Kamfanin jirgin ne ke kai wa gwamnatinsa bayanin inda zai je da abin da tafiyar za ta iya yi wa muhalli, ya nuna shirin ceto da inshora. Wasu ƙasashe takardar izini suke bayarwa, wasu sanarwa da binciken muhalli suke karɓa. Fasinja ba ya neman komai da kansa, izinin kamfanin ya rufe shi.

Hukuncin ma haka yake, ya danganta da ƙasar da ta riƙe ka. A dokar Birtaniya ta 1994, ɗaurin da zai kai shekara 2 da tara marar iyaka. A dokar Amurka ta 1978, wanda ya karya da gangan na iya fuskantar tarar dala 10,000 da ɗaurin shekara 1. A Faransa tarar na kaiwa euro 75,000 tare da ɗauri. Harbi ba ya cikin ko ɗaya. A Fabrairun 2011 wani Banorwe mai suna Jarle Andhøy ya kai ƙaramin jirginsa Berserk tekun Ross na Antaktika ba tare da izini ba. Guguwa ta haɗiye jirgin da mutum uku, shi yana kan tudu a lokacin. Ya koma gida, Norway ta ci shi tara. Labarin matashin matuƙin jirgin sama Ba'amurke da ya sauka a tsibirin King George na yankin Antaktika a Yunin 2025, wanda ake yaɗawa a matsayin hujjar kame, shi ma dokar sufurin sama ta Chile ce ta riƙe shi, bisa zargin ya ba da bayanin hanya na ƙarya. An rufe maganar da sharaɗin ya ba gidauniyar yara masu ciwon daji dala 30,000, kuma kada ya shiga Chile shekara 3.

To, ina ɗan Nijar a cikin wannan? Nijar ba ta cikin yarjejeniyar. A duk Afirka, Afirka ta Kudu kaɗai ke ciki. Wani zai ce ke nan dokar ba ta hau kanmu ba. A takarda akwai ƙamshin gaskiya, a aikace babu. Ba daga tashar motar Damagaram ake tashi zuwa can ba, dole ka bi ta Ajantina ko Chile ko wata ƙasa mai yarjejeniyar, ka hau jirgin kamfanin da gwamnatinsa ke riƙe da wuyansa. In ka cusa dutse a aljihu, kamfanin ne zai amsa, shi ya sa shugaban tafiya ke da ikon hana ka sake sauka. Sannan Antaktika ba ta neman biza, amma mai fasfon Nijar sai da biza zai shiga Ajantina ko Chile. Ƙannena masu neman aiki, ku riƙe wannan. Duk dillalin da ya ce ku kawo kuɗi babu biza babu takarda, ku tambaye shi sunan kamfanin, ku duba ko yana cikin jerin IAATO, ku tambaye shi ta wace ƙasa za a bi. Ma'aikacin jirgin ruwa, ko wanke kwano zai yi, sai da takardun horon aikin teku da gwajin likita.

A ganina ka'idojin muhallin daidai ne, har ma sun yi sassauci. A Nuwamban 2007 jirgin Explorer ya bugi ƙanƙara ya nutse, Allah Ya taimaka aka ceto duka mutum 154 da ke ciki, amma mansa ya zuba a teku. Tutar Laberiya yake ɗauke da ita, ƙasar da ba ta cikin yarjejeniyar, kuma har yau jiragen yawo da dama na rajista a irin waɗannan ƙasashe. Bayan haka aka hana baƙin mai mai kauri a tekun yankin a 2011, aka kawo dokar jiragen yankunan ƙanƙara a 2017. Amma yawan masu zuwa babu wanda ya ƙayyade shi. An ƙidaya mutum nawa za su tsaya a gaɓa, ba a ƙidaya jirgi nawa za su zo a shekara ba. Tikiti mafi arha na kaiwa dala 5,000 zuwa 6,000, wajen miliyan 3 na sefa, ban da kuɗin jirgin sama. Mai hali ya ƙona man da manomin Mirya ba zai ƙona ba a shekaru masu yawa, ya je ya ga ƙanƙarar da ɗumamar yanayi ke narkarwa, alhali manomin ne ke kwana da fargabar damina, ko ta yi gardama ko ta zo da ambaliya. Wannan ne ya kamata ya ɓata mana rai.

Sai maganar 2048, da ake cewa yarjejeniyar za ta ƙare a rarraba ƙasar. Ba ta da ranar ƙarewa. Abin da ke akwai shi ne, shekara 50 bayan yarjejeniyar Madrid ta fara aiki, wato daga 2048, ɗaya daga cikin ƙasashe masu ƙuri'a na iya neman a kira taron sake duba ta. In ba a nema ba, komai na nan yadda yake, har da haramcin haƙar ma'adinai. Ƙasashe 29 ne ke da wannan ƙuri'a. Duk ƙasar da ke Majalisar Ɗinkin Duniya, har da Nijar, tana da damar shiga yarjejeniyar, amma ba ta samun ƙuri'a sai ta nuna tana gudanar da binciken kimiyya mai nauyi a can, kamar kafa tasha ko tura ayarin masana.