Tasirin Kafafen Yaɗa Labarai da Fitattun Mutane a kan Matasa

Tasirin kafafen yaɗa labarai da fitattun mutane a kan matasa fanni ne da masana sadarwa da na halayyar ɗan Adam suka daɗe suna nazarinsa. Ya shafi yadda rediyo, talabijin, jaridu da shafukan sada zumunta, tare da taurarin da ake gani a cikinsu, ke juya tunanin matashi da zaɓinsa, tun daga sutura har zuwa wanda zai kaɗa wa ƙuri'a. An fi sa ido a kan matasa saboda ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke auna abin da zai biyo bayan aiki, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. A shekarun ne kuma mutum ya fi ƙishirwar karɓuwa a wurin tsararsa.

Da farko an zaci saƙon kafafen labarai yana shiga mutum kai tsaye kamar allura. Binciken Paul Lazarsfeld da abokan aikinsa kan zaɓen shugaban Amurka na 1940 ya rage wa wannan zato ƙarfi, domin ya nuna cewa mutane sun fi karɓar ra'ayi daga bakin wanda suka yarda da shi. A 1961 Albert Bandura ya gwada yadda yara ke kwaikwayon babban da suka gani yana dukan 'yar tsana. A 1972 kuma Maxwell McCombs da Donald Shaw suka bayyana cewa babban ƙarfin kafafen labarai shi ne zaɓa wa jama'a batun da za su ɗauka da muhimmanci.

Abin da ya fi bayyana halin da ake ciki yau shi ne wanda Donald Horton da Richard Wohl suka rubuta a 1956: zumuncin gefe ɗaya. Mai kallo yana jin ya san tauraro ciki da bai, yana murna da murnarsa, yana fushi da maƙiyansa, alhali tauraron bai san da zamansa ba. Wayar hannu ta ƙara wa wannan zumunci danƙo. Tauraron Instagram ko TikTok yana magana daga ɗakin kwanansa, da muryar aboki, shi ya sa shawararsa ba ta kama da talla ko da an biya shi ne ya faɗa. A nan haɗarin yake, domin matashi yana tsare kansa daga ɗan talla, amma ba ya tsare kansa daga aboki. Ga kuma manhajojin da ke lura da abin da ya daɗe yana kallo, su ci gaba da turo masa irinsa, har ya ɗauka duk duniya haka take tunani.

Tasirin yana iya zama alheri. Da ɗan wasan ƙwallon kwando Magic Johnson ya sanar a 1991 cewa yana ɗauke da ƙwayar cutar HIV, masu zuwa gwaji sun ƙaru a Amurka. Yana iya zama akasin haka: a 1974 David Phillips ya gano cewa kashe kai yana ƙaruwa bayan jaridu sun kururuta labarin wani da ya kashe kansa, kuma a yau Hukumar Lafiya ta Duniya tana da ƙa'idojin ba da irin wannan rahoto.

Hukumomi sun fara taka birki. A 2022 hukumar kula da hannayen jari ta Amurka ta sa tauraruwar talabijin Kim Kardashian biyan dala miliyan 1.26 kan tallata kuɗin intanet na kirifto ba tare da faɗin nawa aka biya ta ba. A Nuwamban 2024 majalisar Ostareliya ta zartar da dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a manyan dandalin sada zumunta. Finland kuwa ta bi ta makaranta, inda ake koya wa ɗalibai tun suna ƙanana su tambayi wa ya ƙirƙiri saƙo, da kuma abin da zai samu idan an yarda da shi.