Gilashin kyamara mai sauri

Gilashin kyamara mai sauri shi ne wanda ƙofar haskensa ke buɗewa da faɗi sosai, har a iya ɗaukar hoto a wurin da haske ya yi ƙaranci. Ana auna faɗin ƙofar da lambar f, wato tsawon gilashin (tazarar da yake tattara haske a kanta, wadda ake rubutawa da milimita) a raba shi da faɗin ƙofar. Gilashi mai milimita 50 da ƙofarsa ta kai milimita 25, lambarsa f/2 ke nan. Idan lambar ta ragu, haske ya ƙaru. Jerin da aka saba shi ne 1, 1.4, 2, 2.8, 4, 5.6, kuma kowane mataki yana rage rabin hasken na gabansa. Gilasan fim kan zo da lambar T, wadda ke nuna hasken da ya ratsa gilashin a zahiri.

Mai hoton kati yana iya barin kyamara a buɗe na daƙiƙa guda idan duhu ya yi. Mai fim ba shi da wannan damar, domin hoto 24 ko 25 yake ɗauka a kowace daƙiƙa, kowanne kuma rabonsa na haske kusan kashi ɗaya cikin 50 na daƙiƙa ne. Ko dai ya ƙara fitilu, ko ya nemi gilashin da ya fi shan haske.

A 1924 kamfanin Ernemann na Jamus ya fitar da Ernostar mai f/2, aikin Ludwig Bertele. Canon ya kawo mai f/0.95 a 1961. Wanda ya fi suna shi ne Planar na Carl Zeiss, mai milimita 50 da f/0.7, da aka ƙera wa NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, a shekarun 1960. Guda 10 kacal aka yi: NASA ta ɗauki 6, Zeiss ya riƙe 1, darakta Stanley Kubrick ya sayi 3. Da shi aka ɗauki wasu fitowa na fim ɗin Kubrick mai suna Barry Lyndon na 1975 da hasken kyandir. Gilashin bai dace da kowace kyamarar fim ba, sai da injiniya Ed DiGiulio ya sake fasalin wata kyamara samfurin Mitchell BNC, saboda bayan gilashin yana zama dab da fim ɗin da ke ciki. Yana shan haske ninki 16 na mai f/2.8. John Alcott, wanda ya ɗauki hoton, ya samu kyautar Oscar.

Amma fa ba a samun hasken nan a banza. Duk faɗin ƙofa, sai yankin da hoto ke fita tar ya ƙuntata. Da gilashi mai milimita 50 a f/1.4, kan kyamara mai babban faranti (wato farantin da ke karɓar hoto a cikinta), idan mutum yana nesa da mita 2, abin da ke fita sarai bai wuce santimita 13 ba. Ido ya fito, kunne ya dushe. Shi ya sa 'yan wasan Kubrick suka riƙa motsi a hankali, kuma shi ya sa mai juya zoben saiti, wanda ke kula hoto ya fita tar, yake cikin mutanen da aikinsu ya fi wuya a wurin ɗaukar fim, ko da yake ba kasafai ake jin sunansa ba.

Abin ya iso hannun talaka ne bayan 2008, lokacin da Canon 5D Mark II ta nuna cewa kyamarar hoto za ta iya ɗaukar bidiyo mai kyau. Gilashi mai milimita 50 da f/1.8 yana cikin mafi araha a kasuwa, kuma ya isa aiki.

A Garwa, Marwa, Kusiri da Njamena amfaninsa a fili yake. Yawancin hidimar biki da dare ake yi, a tsakar gida ko a ƙofar gida, wuta kuma ba ta da tabbas. Tsohuwar dabara ita ce a ɗaura fitila a kan kyamara a dalle fuskar amarya: goshi ya yi ƙyalli, ido ya kanne, bayanta ya zama baƙi ƙirin. Gilashi mai sauri yana karɓar hasken ƙwai ɗaya na sola da ke rataye a bango, launin fata ya fito yadda Allah ya yi shi, zanen lalle da aikin lufaya su bayyana. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma ya fi sayen ƙarin fitilu da janareto amfani ga ƙaramin mai sana'a.

Da rana matsalar juyawa take yi. Ranar Sahel ta fi ƙarfin ƙofa a buɗe, dole a tsuke ta ko a sa baƙin gilashin rage haske da ake kira ND. Ƙurar hunturu ma tana shiga kyamara duk lokacin da aka cire gilashi, don haka masu kula sukan canza shi a cikin ɗaki ko cikin mota, bakin kyamarar yana kallon ƙasa.