Jaririn da ke haki, asibiti za a kai shi, ba kemis ba

Shekaranjiya da hantsi wata mai jego ta shigo ɗakin shan maganinmu a nan Gombe, uwar mijinta na biye da ita. Ta kwance goyo, ɗan wata biyu. Ina ɗaga 'yar rigarsa na ga ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki duk jan numfashi, ƙofofin hancinsa na buɗewa suna rufewa. Na ce kwana nawa? Biyar. Me aka ba shi? Sai tsohuwar ta zazzage leda a kan teburina: na tari, na mura, da wani mai gari da aka jiƙa tun ranar Juma'a.

"Ai Malama ya fara samun sauƙi, jiya ko kuka bai yi ba, sai barci."

Na ce Goggo, wannan ba sauƙi ba ne, ƙarfin kukan ne ya ƙare masa.

Wallahi na gaji da ganin ledar nan. Kullum ita ce: yaro ya fara mura, a tura yayansa kemis da naira ɗari biyar, a ɗura masa, a zauna jiran ikon Allah, sai jiki ya yi laushi a kwaso shi a guje.

Abin da ya fi toshe ƙirjin jarirai wata ƙwayar cuta ce da likitoci ke kira RSV. Kusan kowane yaro sai ya kamu da ita kafin ya cika shekara 2. A jikin babba mai ƙoshin lafiya galibi mura ce kawai, amma hanyoyin iskar jariri sirara ne, majina kaɗan ta isa ta toshe su. Ita kuwa bairos ce, maganin kashe bakteriya da kuke saye ba ya taɓa ta ko kaɗan. Maganin mura mai sa barci ma ya fi muni, don yana ɓoye muku halin da yaron ke ciki. A ƙiyasin shekarar 2019, yara 'yan ƙasa da shekara 5 kimanin miliyan 3.6 ta kwantar a asibiti, ta kashe wajen 100,000, kusan rabinsu ba su kai wata 6 ba. Fiye da kashi 97 cikin 100 na waɗanda suka rasu 'ya'yan ƙasashe irin tamu ne. Ba don tamu ƙwayar ta fi ta Turai zafi ba. A makare ake zuwa, wani wurin kuma babu oksijin.

Tun 1956 aka gano ta, kuma har gobe masana ba su ɗauke ido daga kanta ba. Gida biyu ce, A da B, kowanne yana sauya kama a hankali. Ana lakato majinar yara da ɗan tsinke mai auduga a ƙasashe daban-daban, a karanta tsarin halittar ƙwayar, a gwada ta wannan ƙasa da ta waccan. Ta haka aka gane cewa wani nau'i da ya fara ɓulla a Ontario ta Kanada a 2010 ya zagaye duniya cikin 'yan shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta shigar da ita cikin cututtukan da take sa wa ido. Dalili shi ne yanzu an samu kariya iri biyu da hukumar ta ba da shawarar amfani da su a 2025: rigakafin da ake yi wa mai ciki daga mako na 28, da allurar nirsevimab da ake yi wa jariri. Idan ƙwayar ta sauya daidai wurin da maganin ke kama ta, ana so a sani da wuri.

Manyan masana kenan suke tsoronta haka, mu kuma muna tarar ta da kwalbar kemis. Haba iyayena! Na san babu ce ke sa wasu, na san wata sai ta jira maigida ya dawo daga kasuwa. Amma kuɗin kwalabe ukun nan ya isa kuɗin keke napep zuwa da dawowa. Maigida, don Allah ka bar izini tun safe: in yaro ya rikice, ta fita.

Kafin alluran nan su wadata a wurinmu, ga abin yi. Ki ɗaga rigarsa yana kwance shiru, ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya da agogon waya:

- bai kai wata 2 ba, 60 ko fiye, asibiti
- wata 2 zuwa 11, 50 ko fiye, asibiti
- shekara 1 zuwa 5, 40 ko fiye, asibiti
- haƙarƙari na lotsawa, ya ƙi kama nono, leɓe ya sauya launi, ko numfashi na ɗaukewa: ko tsakar dare ne ku fito

Nono kar ya tsaya. A nisanta shi da hayaƙin murhu da turaren wuta. Mai mura kar ta ɗauke shi ranar suna, ko wace ce ita. Bakwaini kuwa ko kwana ɗaya kar a jira da shi.

Yaron nan na rubuta masa takarda zuwa babban asibiti, aka sa masa oksijin tun kafin azahar. Ledar Goggo na riƙe ta, tana nan cikin durowata.