Faifan Saiti: Mene Ne Shi, Kuma Me Ake Gyarawa A Cikinsa?

Wanda ya saba da kwamfutar yau ya san cewa in yana son canza wani abu a BIOS, wato manhajar da ke fara tayar da injin, maɓallin Del ko F2 zai danna tun tana tashi. Tsofaffin kwamfutoci da dama ba su da wannan ƙofar. Manhajar da ake gaya wa injin yawan ƙwaƙwalwarsa da irin rumbun ajiyarsa da kwanan wata tana kan faifan filofi ne daban, wanda ake sakawa a tayar da kwamfutar da shi. Shi ake kira faifan saiti. IBM PC/AT ta 1984 da shi ta zo, haka PS/2 ta 1987 inda sunansa Reference Diskette, haka ma tsofaffin Compaq Deskpro. In an ce an gyara faifan saiti, ana nufin an taɓa fayilolin da ke cikinsa don ya karɓi kayan da bai san da su ba lokacin da aka buga shi.

Abu na farko da ya kamata mai wannan aiki ya riƙe: faifan saiti magatakarda ne kawai. Yana rubutawa, amma mai karantawa ya yi aiki da rubutun shi ne BIOS da ke ƙone a cikin ROM, ƙwaƙwalwar da ake karantawa kawai ba a rubutu a cikinta. Yawancin wahalar da ake sha a banza daga rashin bambance waɗannan biyun take.

A cikin AT akwai wata 'yar ayisi (IC, ƙaramar na'urar lantarki da ke kan allon injin), Motorola MC146818, mai riƙe da agogo da bayit 64 na ƙwaƙwalwar CMOS, batir mai bolt 6 ne ke rayar da ita. Bayit 14 na farko na agogo ne, sauran 50 na saiti. Ana isa gare ta ta ƙofofi biyu: a aika lambar gurbi ta 70h, a karanta ko a rubuta ta 71h. Harafin h ɗin nan alama ce ta ƙidayar sha shida. Gurbi na 10h na injin filofi ne, rabin bayit na sama na injin A, na ƙasa na injin B, inda 1 ke nufin 360K, 2 kuma 1.2M, 3 720K, 4 1.44M. Gurbi na 12h na rumbun ajiya ne. Daga 15h zuwa 18h girman ƙwaƙwalwa. Sannan a haɗa jimlar duk abin da ke tsakanin 10h da 2Dh a ajiye ta a 2Eh da 2Fh, don BIOS ya gane ko saitin ya lalace. Batir ya mutu, komai ya goge, kwamfuta ta tashi da lambar kuskure 161. Jimla ta saɓa, 162. Agogo bai saitu ba, 163.

To, a nan gyaran farko yake shigowa. Mutum ya ɗaura injin filofi mai 1.44M, tsohon faifan saitinsa kuwa 360K da 1.2M kaɗai ya sani. Ana iya buɗe manhajar da editan heks, mai gyara fayil bayit-bayit, kamar HxD a nemo wurin da take iyakance zaɓin, amma da wuya aikin ya cancanci wahalarsa, domin akwai wasu manhajojin saiti, GSETUP da ire-irenta, masu rubuta duk lambar da aka ba su. Ko babu faifai ma sam, AT tana faɗawa yaren shirya manhaja na BASIC da ke cikin ROM, kuma daga can umarnin OUT 112,16 da OUT 113,64 yana sanya 40h a gurbi na 10h. Sai dai in da 20h ne a wurin, jimlar ta ƙaru da 32, dole a gyara 2Eh da 2Fh, in ba haka ba 162 ce za ta tarye ka. Kuma ko an rubuta 4 ɗin daidai, BIOS na farko na Janairun 1984 bai san ma'anarta ba. Na Nuwamban 1985 ne ke tafiya da 1.44M.

Maganar rumbu ta fi wannan tsauri. CMOS ba ta riƙe girman rumbu, lambar nau'i kawai take riƙewa. Jadawalin da ke fassara lambar yana cikin ROM a F000:E401, kowane nau'i bayit 16. Nau'i na 2, alal misali, silinda 615 ne, kawuna 4, sakta 17, wato bayit 21,411,840, abin da ake kira 20MB. BIOS na farko nau'i 14 ya sani. Ko ka ƙara nau'i ɗari a jerin da faifan saiti ke nunawa, lambar za ta nuna gurbin da babu komai mai ma'ana a ROM, rumbun kuma ya ƙi tashi. Mafita uku ce. A zaɓi nau'in da silinda da kawunansa ba su zarce na rumbun ba, a haƙura da ragowar fili. Ko a sa kati mai nasa ROM, kamar mai ɗauke da XTIDE Universal BIOS, a bar nau'in a sifili. Ko a gyara jadawalin a ƙona sabon EPROM, wato ROM ɗin da ake iya sake rubutawa, wanda a AT ya rabu gida biyu, bayit masu adireshi mara a ayisi ɗaya, masu cika a ɗayar, kuma sai jimlar ROM ɗin ta koma sifili kafin injin ya yarda ya tashi. Mafita ta biyu ta fi sauƙi da aminci, musamman ga mai son sa katin CompactFlash a madadin rumbun da ya tsufa.

A PS/2 kuwa gyaran faifai aiki ne na yau da kullum, IBM da kanta ta tsara shi haka. Katunan Micro Channel, irin waɗanda ake cusawa a PS/2, ba su da 'yan makunnan da ake saitawa da hannu. Kowane kati yana da lambar shaida mai bit 16, kuma faifan yana neman fayil mai wannan lambar: katin SCSI na IBM mai lamba 8EFF fayil ɗinsa @8EFF.ADF. An cusa sabon kati ba a sake saiti ba, sai kuskure na 165. Fayil ɗin ADF rubutu ne zalla, kowane edita na buɗe shi. A ciki akwai AdapterId, da NumBytes mai faɗin yawan bayit ɗin saitin katin, sai layukan Choice, kowanne da tsarin bit ɗinsa a pos[0] ko pos[1] da adireshi ko layin katsewa (IRQ) da zai kama. Harafin X a tsarin yana nufin a bar wannan bit yadda yake. Ana iya sauya jerin zaɓuɓɓukan don wanda ake so ya zo farko, ko a cire wanda ke karo da wani kati. Ƙirƙiro zaɓin da katin bai da wayarsa kuwa ba ya haifar da komai sai injin da ya daskare. Kuma kada a kuskura a gudanar da manhajar saitin AT a kan PS/2: tsarin CMOS ɗinsu ya bambanta, ƙarnin shekara ma a 32h yake a AT, a PS/2 kuma 37h.

Wajen aikin kansa, ba a taɓa faifan asali. A sa masa kariyar hana rubutu tukuna, domin Windows 95 da 98 suna rubuta tasu alama a saktar farko ta duk filofin da aka saka musu ba kariya. A ɗauki hotonsa, wato kwafin faifan gaba ɗaya a fayil guda, da manhajar WinImage ko dd, a duba girman: na 1.44M bayit 1,474,560 ne cif, na 360K kuma 368,640. A kwafi hoton, a yi gyara a kan kwafin, canji ɗaya a lokaci ɗaya, ana rubuta gurbin da aka taɓa da tsohuwar lambarsa. A Linux, mcopy -i na jefa ADF cikin hoton kai tsaye. In da editan heks ake aiki, a maye bayit da bayit, kada tsawon fayil ya ƙaru ko da ɗaya, don duk adireshin da ke bayansa zai goce. Faifan 360K kuma a rubuta shi a injin 360K: kan injin 1.2M siriri ne, layin da ya ja ba ya shafe tsohon gaba ɗaya, sai tsohon injin ya riƙa karanta biyun a cakuɗe. Wanda ya maye injin filofi da Gotek, na'urar da ke kwaikwayon filofi, mai manhajar FlashFloppy, ya huta da wannan, hoton kawai zai zuba a filas.

Kafin duk wannan, a auna batir. In ya yi sanyi, saitin zai zauna muddin akwai wuta, a kashe a kunna 161 ta dawo. A injinan da ke da Dallas DS1287, irin PS/2 Model 55 SX, batirin a binne yake cikin ayisin, sai dai a canza ta ko a fafe gefenta a jona CR2032 daga waje.