Ma'anar "tsiyayar asid" a wajen haƙar kwal

Tsiyayar asid ita ce ruwa mai tsami da ke fitowa daga mahaƙar kwal ya gangara cikin rafi ko rijiya. Tana faruwa a haƙar ƙarƙashin ƙasa da kuma a haƙar buɗaɗɗen rami, inda ake yaye ƙasa da duwatsun da ke kan kwal a tara su tsibi-tsibi, irin haƙar da ake yi a Maiganga ta jihar Gombe da Anu Araren a yankin Agadas.

Tushen matsalar wani ma'adini ne mai suna fairait, haɗin ƙarfe da farar wuta, mai walƙiya kamar zinariya. Muddin yana binne, ba ya cutar da kowa. Da zarar an farfasa dutse iska da ruwan sama sun taɓa shi, sai ya haifar da asid, wasu ƙwayoyin bakteriya kuma su ƙara wa aikin sauri. A ma'aunin tsami da ake kira pH, wanda lambarsa ke raguwa idan tsami ya ƙaru, ruwa mai kyau kusan 7 ne, wannan kuwa yakan sauka zuwa 3 ko ƙasa. Yana narkar da ƙarfe da alminiyom da manganis, ya bar laka mai launin tsatsa a gindin rafi. Kifi ya ƙare, gonar fadama ta lalace. Abin takaicin shi ne rufe mahaƙa ba ya tsayar da ita: a jihar Fensilbaniya ta Amurka akwai rafukan da har yau ja suke, shekaru da dama bayan an daina haƙa.

Riga-kafi ya fi sauƙi, kuma tun kafin a sa katafila ake fara shi. Ana huda ƙasa a ɗebo samfurin kowane hawa na dutse a auna farar wutarsa. Lissafin da masana ke bi: idan farar wuta ta kai kashi 1 cikin 100, kowane tan 1,000 na dutsen yana buƙatar tan 31.25 na dutsen farar ƙasa don kashe tsaminsa. Sai a ware dutse mai fairait, a gauraya shi da farar ƙasa, a binne, a rufe da yumɓu a daddanne, sannan a mayar da ƙasar saman da aka ajiye daban a shuka ciyawa. A kuma haƙa magudanai su kewaye ramin, kada ruwan damina ya shiga.

Idan ruwan ya riga ya yi tsami, ana zuba masa farar ƙasa a tafkin tacewa har lakar ta kwanta, ko a bi da shi ta fadamar kachalla da aka gina don haka. Jibge dutsen farar ƙasa a buɗaɗɗen kwalbati yana da matsala: tsatsa takan lulluɓe shi ya rage narkewa. Shi ya sa ake binne shi inda iska ba ta shiga, matuƙar ruwan ba shi da alminiyom da yawa, domin shi ma yana toshe ramukan dutsen.