Mikin lamiri tsakanin ma'aikatan lafiya

Mikin lamiri ciwon zuci ne mai daɗewa da kan kama mutum bayan ya aikata wani abu da ya saɓa wa abin da ya yarda shi ne daidai, ko ya kasa hana shi, ko an yi shi a kan idonsa. A asibiti yakan sami likita, nas, ungozoma ko ma'aikacin motar ɗaukar marasa lafiya da ya san abin da majinyaci yake buƙata, ya kuma iya yin sa, amma ƙarancin kayan aiki, maganar kuɗi ko umarnin na sama ya ɗaure masa hannu. An ɗauki kalmar "miki" a nan maimakon "rauni" saboda rauni kan zo da ma'anar rashin ƙarfi, alhali ciwon da aka ji wa mutum ake nufi. Kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, ICD-11, bai lissafa shi a matsayin cuta mai zaman kanta ba.

Asali

Daga fagen fama maganar ta fito. Jonathan Shay, likitan ƙwaƙwalwa a asibitin 'yan mazan jiya na Boston a Amurka, ya fara duba sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam tun wajen ƙarshen shekarun 1980. Ya lura cewa da yawansu ba tsoron mutuwa ne ya hana su barci ba, cin amanar da shugabanninsu suka yi musu ne. A littafinsa na 1994 ya auna labaransu da waƙar yaƙi ta Homer, mawaƙin tsohuwar Girka, daga baya kuma ya taƙaita sharuɗɗan mikin zuwa uku: a ci amanar abin da yake daidai, mai cin amanar ya zama mai iko na halal, lamarin kuma ya zama babba, irin na rai da mutuwa. A 2009 Brett Litz da abokan aikinsa suka faɗaɗa ma'anar ta haɗa da abin da mutum ya yi da hannunsa, da wanda ya gani ko ya ji labarinsa.

Sai dai ma'aikatan jinya sun riga kowa. Tun a 1984 Andrew Jameton, masanin falsafa, ya bayyana "ƙuncin lamiri", wato halin nas ɗin da ta san abin da ya kamata a yi amma tsarin asibiti ya tare hanya. A 2009 Elizabeth Epstein da Ann Hamric suka nuna cewa ƙuncin ba ya gushewa gaba ɗaya idan lamarin ya wuce. Kowane karo yana barin tabo, na gaba kuma a kan tabon yake sauka, shi ya sa nas mai shekara 15 a ɗakin gobe-da-nisa kan fashe da kuka a kan abin da sabuwar ɗauka za ta ga bai taka kara ya karya ba.

Kalmar mikin lamiri ta shiga bakin likitoci sosai a Yulin 2018, da Wendy Dean da Simon Talbot suka rubuta a jaridar STAT cewa abin da ake kira gajiyar aiki a wurin likitocin Amurka miki ne na lamiri, wanda kamfanonin inshora, neman riba da cike-ciken kwamfuta suka jawo. Annobar korona ta ƙarasa yaɗa ta. A Maris 2020 ƙungiyar likitocin sa barci da kulawa ta musamman ta Italiya ta fitar da ƙa'idojin zaɓen wanda za a ba gado idan gadaje suka ƙare, a lokacin da asibitocin yankin Lombardi na ƙasar suka cika maƙil. A binciken Ƙungiyar Likitocin Birtaniya na 2021, kimanin kashi 78 cikin ɗari na waɗanda suka amsa sun ce ƙuncin lamiri ya dace da halin da suke ciki, kusan rabi kuma suka ce har mikin.

Bambanci da makamantansa

Matsananciyar gajiyar aiki, wadda Herbert Freudenberger ya bayyana a 1974, ana gane ta da ƙarewar kuzari, bushewar zuciya ga majinyata da jin cewa aikin ba ya tsinana komai. Hutu kan rage ta. Mai mikin lamiri kuwa ko ya yi hutun wata guda, da abinsa yake dawowa. Ciwon firgici na bayan bala'i tushensa tsoro ne. Mikin lamiri tushensa jin laifi, kunya, fushi da yanke ƙauna daga shugabanni. Sau da yawa sukan haɗu a mutum ɗaya.

Yadda yake aukuwa

Ba lallai sai da annoba ba. A ɗauki nas ɗaya a aikin dare da majinyata 12. Ta san mai shanyewar ɓarin jiki da ke gadon ƙarshe yana buƙatar a juya shi kusan duk awa biyu, amma ga allurai, ga ledar ruwa ta ƙare a wani gadon, ga wani yana aman jini. Bayan 'yan kwanaki sai ta ɗaga zane ta ga fatar ƙugunsa ta yi duhu ta fara salewa. Ta san yadda aka yi, ta kuma san ita za a tambaya. Binciken Linda Aiken na 2002 a asibitoci 168 na jihar Pensilbeniya ya nuna cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas yana ƙara haɗarin mutuwar masu tiyata cikin kwana 30 da kashi 7 cikin ɗari, da haɗarin gajiyar nas ɗin da kashi 23.

A Amurka takarda ce ke cin lokaci: wani bincike na 2016 ya gano cewa duk awa ɗaya da likita ya yi gaban majinyaci, yakan yi kusan biyu a kan kwamfuta da tebur. Inda mutane ke biyan kuɗin magani daga aljihu, kamar Najeriya, salon daban ne. Ungozoma kan rubuta safar hannu, allura da ledar jini a guntuwar takarda ta miƙa wa maigida da tsakar dare, tana tsaye kan mai jego da jini ya ɓalle mata. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta ƙin duba mai buƙatar gaggawa, amma doka ba ta cika ɗakin magani da kaya.

Akwai kuma mikin kuskuren hannu, kamar ba da maganin wani ga wani. Albert Wu ya kira ma'aikacin da hakan ta faru da shi "wanda abin ya shafa na biyu" a 2000.

Alamomi da aunawa

Rashin barci, maimaita lamarin a zuci, guje wa wani ɗaki ko wani irin majinyaci, janyewa daga abokan aiki, shaye-shaye, ajiye aiki, a wasu har tunanin kashe kai. Ana aunawa da takardun tambayoyi, irin su mai tambaya 27 ta Epstein ta 2019 da mai tambaya 10 ta Sneha Mantri da Harold Koenig ta 2020.

Matakan ragewa

Kuskuren da hukumomin asibiti suka fi yi shi ne tura ma'aikaci bitar juriya da motsa jiki, su bar jadawalin aiki yadda yake. Ma'aikata kan ɗauki hakan a matsayin fama miki, tunda an mai da laifin kansu. Gyaran da ke taɓa tushe ya fi tsada. Jihar Kalifoniya ta kafa doka a 1999, ta fara aiki a 2004, wadda ta kayyade majinyata biyu ga nas ɗaya a ɗakin gobe-da-nisa, da biyar a ɗakin kwanciya na yau da kullum daga 2005. Idan kayan aiki suka yi kaɗan, kwamiti ne ya kamata ya yanke hukuncin wanda za a ba, bisa rubutacciyar ƙa'ida, kada a bar likitan da ke bakin gado shi kaɗai da shi. Ana kuma gaya wa sababbin ma'aikata gaskiyar abin da za su tarar tun kafin su shiga.

Bayan mummunan lamari, tsarin TRiM da ya samo asali daga sojojin ruwan Birtaniya yana sa abokin aiki da aka horar ya zauna da mutum bayan kimanin awa 72, ya sake duba shi bayan wata guda, ya tura shi ga ƙwararre idan bai lafa ba. Tara jama'a a zama ɗaya a matsa musu su amayar da abin da suka gani kuwa, hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Birtaniya ta hana shi a matsayin rigakafin ciwon firgici. Zaman Schwartz, da aka fara a Boston wajen 1997 ya shiga Birtaniya a 2009, awa ɗaya ne duk wata: mutum uku ko huɗu su ba da labarin wani majinyaci da ya tsaya musu a rai, sauran su tofa albarkacin bakinsu, daga ƙwararren likita har mai shara, ba a neman mai laifi, ba a kuma neman mafita.

Tsoron rasa lasisi na hana likitoci neman taimako. Bayan Dakta Lorna Breen ta sashen gaggawa a New York ta kashe kanta a Afrilun 2020, Amurka ta kafa doka da sunanta a Maris 2022 don tallafa wa lafiyar ƙwaƙwalwar ma'aikatan lafiya.

Saɓani

Wasu masana na ganin bai dace a aro kalmar sojan da ya yi kisa a ɗora wa likitan da inshora ta hana shi aiki ba. Wasu na cewa iyakar ƙunci da miki ba ta fito fili ba, ma'aunan kuma sukan ba da alƙaluma mabambanta ƙwarai.