Leigh Richmond Roose

Leigh Richmond Roose (27 ga Nuwamba 1877 – 7 ga Oktoba 1916) mai tsaron gida ne a wasan ƙwallon ƙafa, ɗan ƙasar Wales wanda ya buga wa ƙasarsa wasanni 24 tsakanin 1900 da 1911, ya kuma rasu a fagen daga lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. An haife shi a Holt, kusa da Wrexham, inda mahaifinsa yake limamin coci. Ya yi karatu a jami'ar Aberystwyth, a nan ya fara tsare wa Aberystwyth Town raga har suka ɗauki Kofin Wales a 1900, daga baya ya koma Landan don koyon aikin likita, karatun da bai kammala ba.

A Ingila ya buga wa Stoke da Everton da Sunderland da Aston Villa da Woolwich Arsenal, kuma yana cikin 'yan wasan da suka ba Wales nasararta ta farko a gasar ƙasashen Birtaniya a 1907. Duk tsawon wannan lokaci bai yarda an ɗauke shi a matsayin ɗan wasa mai albashi ba, sai dai kuɗin hidima da yake nema daga ƙungiyoyi ba ƙanana ba ne.

Abin da ya fi fito da shi shi ne salon wasansa. A wancan zamani doka ta yarda gola ya taɓa ƙwallo da hannu a ko'ina cikin rabin filin ƙungiyarsa, muddin bai riƙe ta yana tafiya ba. Yawancin masu tsaron gida kan tsaya a bakin raga, amma Roose sai ya riƙa dukan ƙwallo a ƙasa yana bi har tsakiyar fili, sannan ya jefa ta ko ya doka wa 'yan gaba. A 1912 aka taƙaita taɓa ƙwallo da hannu ga cikin yadi goma sha takwas, kuma ana yawan danganta wannan sauyi da shi.

Da yaƙi ya ɓarke, ya fara da hidimar kula da sojoji a Faransa da Gallipoli da ke Turkiyya, sannan a 1916 ya shiga bataliya ta 9 ta rundunar Royal Fusiliers ta sojan Birtaniya a matsayin ƙaramin soja. An ba shi lambar jarumta ta Military Medal saboda yadda ya tsaya yana jifan Jamusawa da gurneti a wani hari, aka kuma yi masa ƙarin girma zuwa laskofur. An kashe shi kusa da Gueudecourt a Faransa, a gumurzun Somme, yana da shekara 38, ba a ga gawarsa ba. Sunansa yana jikin dutsen tunawa da sojojin da suka ɓata da ke Thiepval a Faransa, amma da farko an rubuta shi "Rouse" bisa kuskure, abin da ya sa danginsa suka shafe shekaru masu yawa ba su san inda ya faɗi ba.